Kapisko Ya Ɗauko Mota

Tun kafin jirgi ya sauke shi a ƙasar da aka tura shi karatu, mutumin ya riga ya ƙware a Italiyanci. A bakinsa ke nan. Daga ofishin aikin gona aka turo shi ya koyo gyaran injinan noma, amma ƙa'idar makarantar ita ce sai ɗalibi ya yi wata shida a ajin koyon harshe ya ci jarrabawa, kafin a bar shi ya taɓa ko da sufana. Wanda ya faɗi kuwa ya sake ajin daga farko. Shi kuma ya riga ya rantse wa matarsa cewa shekara guda cur zai yi ya dawo, ba ƙarin ko yini ɗaya.

Kalma ɗaya ya riƙe gam tun ranar farko, ita ce kapisko, wato "na gane". In Malama ta yi bayani a aji, kapisko. In mai kanti ya yi masa faɗa don ya matse masa tumatir, kapisko. Ranar da ɗan sanda ya tsare shi yana tsallaka titi inda aka hana, kapisko ya yi ta jera masa har ɗan sandan ya gaji ya kama gabansa. Cikin mako biyu sunansa na yanka ya ɓace, kowa Kapisko yake kiran sa, shi kuwa ya ɗauka lambar yabo ce.

Ɗaki ɗaya suke haya a saman bene shi da Dogo, wani ɗalibi mai jiran koyon aikin lantarki, wanda in ya kwanta sai ƙafafunsa sun leƙo ta ƙarshen gado. Kullum Dogo na kan tebur da ƙamus yana fama da kalmomi, Kapisko na kishingiɗe yana yanke farce.

"Kai Dogo, wahalar banza kake yi," in ji shi. "Italiyanci fa Hausa ce aka ja mata wutsiya. Ka buɗe kunnenka: kaza, rana, kane. Duk kayanmu ne."

"Kaza gida ce a wurinsu. Rana kuma kwaɗo."

"To, aro suka yi suka lalata. Laifina ne?"

Tsohuwar da ta ba su hayar ɗakin tana zaune a ƙasan benen, kuma ba abin da ta tsana a duniya kamar kare, wanda a harshensu ake kira kane. Wata rana ta ji gurnani a sama, ba ta san minsharin Kapisko ba ne, sai ta tare shi a matakala ta tambaye shi ko yana da kane. Kapisko ya ji daɗi an tambaye shi ƙannensa. Ya ce si, wato eh, ya ɗaga mata yatsu huɗu, ya nuna mata da hannu cewa babban ya fi shi tsawo, kuma yana nan tafe ziyara. Washegari aka ga kafinta yana ƙara wa ƙofarta sakata.

Da zangon ya zo ƙarshe, Malama ta sanar da ajin cewa za a yi tafiya ta yini guda zuwa wani gari a bakin teku, kuma tafiyar ita ce rabin jarrabawa. Kowa za a ba shi aikin da dole sai ya yi magana da mutanen gari kafin ya cika shi. Aka ba wata ɗaliba neman wurin cin abinci, wani neman mai yi musu jagora, Dogo kuwa ruwan sha da burodi. Da aka zo kan abin hawa, Malama ta ce abu ne mai sauƙi, mutum ɗaya ya je tasha ya tambayo jirgin ƙasa.

Kapisko ya miƙe zumbur. Da guntun Italiyanci da dogon nuni ya fahimtar da ita cewa muddin yana ajin nan ba za a cusa manyan mutane a jirgin ƙasa kamar buhunan taki ba. Mota zai ɗauko, ta musamman, har ƙofar makaranta.

Malama ta dube shi ta saman gilashinta, ta ce a hankali yadda zai ji, makinsa kacokan yana kan motar nan.

"Kapisko," in ji shi.

A hanyarsa ta dawowa, kusa da asibiti, ya ga allo da hoton wata doguwar baƙar mota mai sheƙi, da lambar waya a ƙasa. Kalmomi biyu ne a kan allon. Ta farko ya san ta, ma'anarta sufuri. Ta biyun bai san ta ba, kuma babban mutum ba ya tsayawa kan kalma ta biyu. Ma'anarta "na jana'iza".

Yana shiga ɗaki ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce, "Ajiye ƙamus ɗin nan ka ga yadda ake magana."

Wata murya mai sanyi ta ɗauki wayar. Kapisko ya gyara murya ya ce yana son mota saboda ultimo biyajjo, tafiyar ƙarshe, yana nufin ta ƙarshen zango. Muryar ta ƙara sanyi, ta yi masa ta'aziyya mai tsawo. Ya ce kapisko. Sai mutumin ya tambaya, "Kwante bare?"

Kapisko ya rufe bakin wayar da tafin hannu, idonsa na ƙyalli. "Ka ji ko? Bare nawa, yake tambaya! Baƙi nawa ne a cikinku! Hausa tsantsa!"

A harshen mutanen, bare akwatunan gawa ne.

"Dodici," in ji shi da ƙarfi, wato sha biyu.

Mutumin ya tambaya ko haɗari ne ya faru. Kapisko ya ce si, si. Ya ba shi adireshi, ya kashe waya, ya hura mata iska kamar bakin bindiga.

Dogo dai hankalinsa bai kwanta ba. Ya buɗe ƙamus ya bi layi da yatsa yana neman bare, bai samu ba, don jam'i ce, kuma ƙamus tilo yake kawowa.

"Ina za ka same ta?" in ji Kapisko. "Kalmarmu ce. Kunya ta hana su rubutawa."

"Ni dai ruwa da burodi aka ba ni," in ji Dogo. "In an tambaye ni, ban san ka ba."

Washegari da rana, Dogo ya fita, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne cikin baƙar kwat, siriri, da jaka a hannu. Ya kama hannun Kapisko da hannayensa biyu ya riƙe, ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai saki ba. Kapisko ya ce a ransa, ka ji mutanen da suka san darajar mai ciniki.

Mai baƙar kwat ya buɗe jakar ya jera gutsattsarin katako da ƙyallayen yadi a kan tebur. Kapisko ya gane nan take cewa adon cikin mota ne ake so ya zaɓa. Ya ɗauki katakon da ya fi sheƙi, ya zaɓi farin yadi mai santsi, ya shafa shi a kumatunsa, ya nuna da hannu cewa yana so ya yi laushi don mutum ya yi barcinsa ba mai tashinsa. Dattijon ya rubuta. Ya tambayi ko a sa furanni. Wannan kalmar an yi ta a aji, don haka Kapisko ya buɗe hannuwansa ya ce da yawa.

Da mutumin ya ciro awo ya tambayi tsayin mamatan, Kapisko ya buɗe wayarsa ya nuna masa hoton ajin, duk suna dariya a gaban allo. Ya dangwala yatsa a kan Dogo, ya je jikin ƙofa ya yi ɗage ya nuna tsawonsa, don kada a kawo motar da za ta matse masa ƙafa. Dattijon ya daɗe yana kallon hoton, matasa cike da lafiya, sai ya ciro hankici ya goge ido. Ya tambayi inda suke. Kapisko ya ce a makaranta, duka a wuri ɗaya, ranar Asabar da safe. Takardu fa? Suna hannun Malama. Sannan ya bugi ƙirji ya ce shi ma zai tafi tare da su.

Dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce masa kada ya faɗi haka, baƙin ciki ne, shi yaro ne, yana da sauran kwana a gaba.

"Kapisko," in ji Kapisko.

Tsohuwa mai gida ta ga fitar mutumin, kuma ta san shi sarai, don shi ya binne mijinta. Ta hau benen tana nishi ta tambayi Kapisko wa ya rasu. Shi abin da ya ji shi ne ana tambaya wa zai tafi. Ya nuna gadon Dogo, ya nuna takalmansa a ƙarƙashin gado, ya kaɗa hannu sama alamar tafiya mai nisa. Tsohuwar ta dafe ƙirji ta fashe da kuka, ta rungume shi har ta jiƙa masa riga.

Kafin la'asar benen ya cika. Mai aski na ƙasa ya rufe shagonsa ya hawo. Matar da ke hawa na biyu ta zo da furanni, mijinta ya zo da kujeru. Kowa ya shigo sai ya riƙe hannun Kapisko ya yi magana ƙasa-ƙasa, shi kuma yana zaune a tsakiyar ɗaki yana gyaɗa kai kamar sabon gwamna. Abin da ya ɗan ba su mamaki shi ne yadda yake cin biskit ɗin da aka kawo yana murmushi, amma mai aski ya ce haka wasu suke, sai daga baya abin yake dukan su.

Bayan sun watse ne tsohuwar ta sake hawowa da tukunyar miya mai zafi. A tsakiyar matakala, inda ƙwan fitilar ya daɗe da mutuwa, ta ji taku a bayanta. Ta waiwaya, sai ga Dogo cikin farar riga, kansa na neman taɓa rufi, rungume da burodi. Ya yi mata murmushi ya gaishe ta.

Tukunyar ta suɓuce daga hannunta ta yi ƙasa. Ihun da ta yi sai da tantabarun kan rufi suka tashi. Ta wuce shi kamar yarinya 'yar goma sha biyar, ta faɗa ɗakinta, aka ji sakata ta farko, aka ji ta biyu.

Dogo ya shigo da miya har gwiwar wandonsa. "Me ka gaya wa tsohuwar nan?"

"Cewa za mu yi tafiya."

"Shi ne ta gan ni ta kurma ihu?"

"Sabo ne. Ba ta son rabuwa da mu."

"Waɗannan furannin a kan gadona fa?"

"Kai dai ba ka iya karɓar alheri ba. Ka zauna a inuwata kana cin arziki, kana tambayoyi."

Ranar Asabar Kapisko ya riga kowa isa ƙofar makaranta, cikin kwat da baƙin tabarau, takalmi na ɗaukar ido. Tun daren jiya ya aika gida cewa an naɗa shi shugaban tafiyar ɗaliban ƙasashen duniya, don haka da ya buga wayar bidiyo sai ga Baffansa zaune a tsakiyar falo, matar Kapisko a gefe da yara, ga maƙwabta sun yi cincirindo a bayansu kowa na leƙo kai. Ya jera 'yan ajin a bakin titi da jakunkunansu, ya bi su da waya ɗaya bayan ɗaya.

"Duk waɗannan a ƙarƙashina suke, Baffa."

"Madalla, ɗan nan. Dama tun kana ƙarami bakinka ba ya hutawa, ashe da ranarsa."

Malama ta duba agogo ta tambayi ina mota. Kapisko ya nuna mata ƙarshen titi.

A hankali suka shanyo kwana, kamar masu tafiya a kan ƙwai. Dogayen baƙaƙen motoci uku, kowace da tulin furanni a kanta, da wata ƙaramar bas mai ruwan toka a bayansu. Masu wucewa suka tsaya cak. 'Yan ajin suka daina hira. Malama ta cire gilashinta ta goge ta mayar.

Kapisko ya juya wayar. "Baffa, ka gani?"

"Ikon Allah! Wannan ai motar manya ce."

"Maigida," in ji matar Kapisko, ta matso da fuskarta jikin wayar, "me ya sa babu kujeru a bayanta?"

"Ke ba ki san motocin zamani ba."

Maza cikin baƙaƙen kaya suka fito suka jeru, kowa ya haɗa hannu a gaba. Biyu suka buɗe bayan motar farko, suka jawo wani dogon akwati mai sheƙi, suka ɗaga murfin don a ga aiki. Farin yadi mai santsi ne a ciki, da ɗan matashi. Akwatin ya fi duk wanda aka saba gani tsawo, don dattijon ya sa an yi shi musamman.

A cikin wayar aka ji salati ya tashi baki ɗaya. Wata maƙwabciya ta tambaya ko wa ya rasu. Ƙaramar 'yar Kapisko ta ce, "Abba, gadonka ne?"

Mai baƙar kwat ya nufi Malama da hannu a miƙe zai yi mata ta'aziyya. Bai kai gare ta ba idonsa ya sauka kan Dogo, tsaye da katan ɗin ruwa a kafaɗa. Ya dubi na kusa da shi, ya dubi na gaba. Duk fuskokin hoton nan ne, a tsaye, wasu ma suna taunar cingam. Ya ja da baya har ya jingina da motarsa.

Dogo ya ajiye ruwan, ya zagaya akwatin, ya auna shi da ido. "Kai, wannan nawa ne?"

"Kuskure ne daga wurinsu," in ji Kapisko. "Mutumin ba ya jin Italiyanci sosai."

"Farin yadi ka zaɓa mini?"

"Ai shi ya fi kyau a cikin samfurin."

"Na gode. Ko a gidanmu ba wanda ya taɓa yi mini tanadi haka."

Malama da dattijon suka shiga magana da sauri, hannuwa na tashi sama. Da ta ji an ce sha biyu, ta juya ta ƙirga ɗalibanta. Da ta ji an ce haɗari, ta zauna a kan jakar wani. Sannan ta kira Kapisko da yatsa ɗaya. Ta ce tunda ga shi ga mutumin gari, jarrabawarsa ta zo: ya gaya wa dattijon nan da Italiyanci cewa ba wanda ya mutu.

Kapisko ya cire tabarau. Ya gyara kwat. Kalmar mutuwa ba ta zo ba, kalmar rai ba ta zo ba. Abin da ya zo masa kawai shi ne darasin kasuwa, don haka ya nuna 'yan ajin ya sanar da dattijon cewa kayan nan duka sabbi ne, ba su lalace ba tukuna.

Ajin ya kwashe da dariya. Masu baƙaƙen kaya suka yi ta dannewa har ɗayansu ya juya ya kifa kai a jikin mota. Dattijon da kansa, wanda aikinsa bai taɓa ba shi damar dariya a gaban jama'a ba, ya riƙe ciki yana goge hawaye da hankicin nan. Malama ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce ranar Litinin ta sabon zango ya zo da wuri, akwai kujerarsa a sahun gaba, za su fara daga gaisuwa.

Ya manta wayar na hannunsa a kunne.

"Dogo," in ji matar Kapisko daga cikin wayar, "don Allah me matar nan ta ce?"

"Ta ce tana jin daɗin zama da shi, ta ƙara masa wata shida."

"Wata shida? Maigida! Shekara ɗayar ke nan?"

"Ɗan nan," in ji Baffa, "mutanen da na tara fa me zan ce musu?"

"Layin ba kyau, Baffa," in ji Kapisko, ya danna ya kashe.

Saura maganar tafiya. Akwai jirgin ƙasan da ke shirin tashi, tasha kuwa da nisa. Dattijon, yana sauran dariya, ya ce tunda ya riga ya fito, kuma bai taɓa samun fasinjoji masu lafiya irin waɗannan ba, zai kai su. Ƙaramar bas ɗin ta masu rakiyar gawa ce, ta ɗauki Malama da ɗalibai goma ta cika. Dogo ƙafarsa ba ta shiga ba, aka ba shi kujerar kusa da direba a motar farko. Jakunkuna aka zuba a baya gefen akwatin. Da aka duba, mutum ɗaya ya rage a bakin titi.

"Ka ce ba ka son a matse manyan mutane," in ji Dogo. "Ga fili nan, kai kaɗai."

Rufin motar gajere ne, ba a iya zama. Haka Kapisko ya shiga da rarrafe ya miƙe a tsakanin jakunkuna da furanni, kwat da takalmi da komai, gilashi ta ko'ina. Motocin suka ɗauki hanya. Ta tsakiyar gari suka bi, mutane na tsayawa, tsofaffi na cire hula. Da farko ya runtse ido don kunya. Da ya ɗan buɗe ya ga ana cire masa hula, sai kunyar ta gudu. A wurin jan wuta ya ɗaga kai, ya yi murmushi, ya ɗaga wa jama'a hannu. Wani mai keke ya shige cikin kwandon shara. Wata mata ta saki jakar lemo, suka gangara titi.

A tasha ya fito da baya-baya, ya kaɗe ganyen fure daga kafaɗarsa, ya mayar da tabarau.

"Ka ga yadda suke cire mini hula?" in ji shi. "Wata shida kacal na yi a garin nan."

Dogo ya ɗora katan ɗin ruwa a kafaɗa. "Na gani. Ka lura kuwa? Duk girmamawar nan, lokacin da ka yi shiru ne."